Mutum-mutumin da mutanen Fukushima suka ce a ɗauke musu

Mai Sassaƙa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tunda a cikinmu akwai malaman tarihi da ma'aikatan lafiya da masu ilimin addini, na ga ya dace in shimfiɗa shi a gabanku. A farkon watan Agustan 2018 hukumar birnin Fukushima ta ƙasar Japan ta kafa wani mutum-mutumi mai tsayin mita 6.2 a gaban wata cibiyar yara da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Sunansa Sun Child, wato Ɗan Rana, wanda ya ƙera shi kuma shi ne Kenji Yanobe, mutumin Osaka. Surar yaro ce sanye da rigar kariya ruwan ɗorawa, irin wadda masu aiki a wurin da tururin nukiliya, wato haskensa mai cutarwa da ido ba ya gani, ya gurɓata suke sakawa. Ya cire hular kwanon rigar ya riƙe a hannu ɗaya, a ɗaya hannun yana riƙe da 'yar ƙaramar rana, fuskarsa da ƙujewa da filasta, amma idanunsa a buɗe suke tar suna duban sama. A ƙirjinsa akwai agogon awon tururi da ke nuna 000.

Yanobe ba shigar shantun ƙadangare ya yi wa wannan fage ba. Tun a 1997 ya je Chernobyl, inda tashar nukiliya ta taɓa fashewa a Yukren, sanye da irin wannan riga da ya ƙera da kansa, ya shiga kangayen gidaje da makarantun yara, kuma ya yi wannan yaron ne a 2011, watanni kaɗan bayan girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami ta ranar 11 ga Maris sun jawo narkewar tukwanen makamashi uku na tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi. Abin da ya ce yana nufi shi ne yaron ya cire hular ne domin iska ta tsarkaka, ya samu ya yi numfashi. Duk da haka ba a yi wata guda ba ƙorafi ya yi yawa, shi maƙerin ya fito ya ba da haƙuri, magajin garin, Hiroshi Kohata, ya sanar cewa za a cire shi, kuma a watan Satumba aka kwance shi gunduwa-gunduwa aka kai ma'ajiya.

Ni da na shekara ashirin ina koyar da sassaƙa, ina kwaɓa yumɓu da siminti da hannuna, na san abin da ake ji idan aka zo da mota aka ɗauke aikin da mutum ya ɓata watanni a kansa. A ganina an zalunci wannan aiki, kuma hukumar da ta miƙa wuya cikin ƙasa da wata guda ta koya wa jama'a cewa duk abin tunawa da ya sosa musu rai ana iya kawar da shi. To, idan abin tunawa da masifa ba zai sosa rai ba, mene ne amfaninsa?

Ma'aikacin Ɗakin Hoto:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ni aikina ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji ne a asibiti, kuma kullum da wata 'yar batta maƙale a aljihun rigata, wadda ake karɓa lokaci-lokaci a auna yawan tururin da jikina ya sha. Saboda haka abin da idona ya fara sauka a kai shi ne wannan 000 ɗin, kuma ina roƙon Malam ya yi mini uzuri idan na ce masu ƙorafin suna da hujja a nan. Babu wani wuri a bayan ƙasa da agogon awo zai nuna sifiri. Ƙasar da muke takawa tana fitar da tururi, duwatsu suna fitarwa, daga sararin sama yana saukowa, har a cikin ayaba da jikin ɗan Adam akwai sinadarin fotasiyam mai fitar da shi. A faɗin duniya, matsakaicin abin da mutum ke sha a shekara daga halitta kawai ya kai milisibat 2.4, wato ma'aunin tururin da jiki ya sha, kuma ko yana Kano ko yana Tokyo sai ya sha wani abu.

Mutanen Fukushima sun shafe shekara bakwai suna koyon wannan lissafi bisa tilas. An kakkafa allunan awo a filayen wasa da harabar makarantu, iyaye mata sun koyi bambanci tsakanin adadin da ke da haɗari da wanda ba shi da shi, an kankare ƙasar saman filaye an zuba a manyan baƙaƙen buhuna. Babban yaƙin da likitoci da malamai suka yi shi ne su fahimtar da jama'a cewa aminci ba ya nufin sifiri. Sai ga shi an kawo wani ƙaton yaro an girke a gaban cibiyar da yara ke zuwa koyon kimiyya, ƙirjinsa yana cewa ba a cire hula sai agogo ya nuna 000, alhali birnin yana da nisan kilomita kusan 60 daga tashar, kuma ba a taɓa umartar mutanen cikinsa su tashi ba. Wanda ya ga hoton daga nesa zai ɗauka cewa a wannan gari sai da rigar kariya ake fita.

Mai Sassaƙa:
Na gode, ƙanena, kuma ban musa maka lissafinka ba ko kaɗan. Sai dai mutum-mutumi ba takardar sakamakon gwaji ba ne. Rana ma ai ba a riƙe ta a tafin hannu, yaro kuma ba ya kai mita shida, amma ba wanda ya ce a cire shi saboda waɗannan. Maƙerin ya bayyana cewa sifirin alama ce ta duniyar da babu irin wannan masifa a cikinta. Idan muka ce dole kowace alama ta ci jarrabawar kimiyya kafin a bar ta ta tsaya a dandali, to daga ranar mun rufe bakin duk wani mai fasaha. Ka kuma sani cewa akwai irinsa sak a tsaye a gaban tashar jirgin Minami-Ibaraki a Osaka tun 2012, mutane suna wucewa ta gabansa safe da yamma, ba a ji wani ya tayar da jijiyar wuya ba.

Hajiya Malamar Tarihi:
Malam, maganarka ta ƙarshe ita ce ta warware mini zare. Abu ɗaya ne, siffa ɗaya, hannu ɗaya ya yi su, amma a Osaka an zauna lafiya da shi, a Fukushima kuma ya zama fami a kan gyambo. Ke nan ma'anar ba a jikin mutum-mutumin kaɗai take ba, tana tare da ƙasar da aka dasa shi a kai. A Osaka yaron yana magana ne a kan wasu mutane na can nesa. A Fukushima kuwa ya zama kamar shi ne bakin garin, yana faɗa wa duk baƙon da ya sauka daga jirgi cewa ga yadda 'ya'yanmu suke.

Ya kamata mu tuna abin da waɗannan bayin Allah suka sha bayan tururin kansa. Mutum kimanin 160,000 suka bar gidajensu. A lardin Fukushima waɗanda wahalar hijira ta yi ajalinsu, galibi tsofaffi da marasa lafiya, sun haura 2,000, sun fi waɗanda girgizar da ruwan suka kashe kai tsaye a lardin. Manoman shinkafa da 'ya'yan itace sun ga kayansu sun yi kwantai a kasuwa saboda sunan garinsu kawai, har ta kai daga 2012 aka shafe shekaru ana auna kowane buhun shinkafa ɗaya bayan ɗaya, buhu wajen miliyan goma a shekara, domin a dawo da amincewar masu saye. An samu yaron da iyayensa suka yi hijira da shi Yokohama, 'yan ajinsu suka riƙa kiransa da sunan ƙwayar cuta. Uwar da ta ga irin wannan, idan ta ce ba ta son ɗanta ya wuce kullum ta gaban yaro mai rigar kariya, ni ba zan ce mata ba ta fahimci fasaha ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka kwatanta da abin da ke garin Chernobyl a Yukren. Tukunya ta huɗu ta fashe a daren 26 ga Afrilun 1986, 'yan kwana-kwana suka je kashe wutar ba tare da sanin abin da suke takawa ba, kuma a cikin 'yan watanni mutum 28 daga cikin su da ma'aikatan tashar suka rasu da cutar tururi. Bayan shekara goma, a 1996, abokan aikinsu suka haɗa kuɗi daga aljihunsu suka gina abin tunawa na kankare kusa da ofishinsu, da surar masu riƙe da mesar ruwa da likita da ma'aikaci, suka rubuta cewa na waɗanda suka ceci duniya ne. Malam, kai da ka san sana'ar za ka iya cewa aikin ba shi da laushin hannu, kuma gaskiya ne. Amma har yau ana kai masa furanni, domin waɗanda aka yi wa rashin su ne suka kwaɓa simintin. Shi kuwa Ɗan Rana kyauta aka kawo wa birnin, hukuma ta karɓa ta kafa, ba ta zauna da jama'a ba, kuma shi kansa magajin garin ya amsa wannan laifi lokacin da yake ba da haƙuri.

Sai dai ba na goyon bayan cirewa a ko'ina. A garin Futaba, wanda tashar ke kan iyakarsa, akwai wani allo da ya ratsa saman titi, an rubuta cewa makamashin nukiliya shi ne hasken gobe. Wani ɗan firamare ne ya tsara kalmomin a ƙarshen shekarun 1980 ya ci gasa da su. Bayan masifar allon ya ci gaba da tsayuwa a kan titin da ciyawa ta cinye, kuma da hukuma ta tashi sauke shi a ƙarshen 2015, wannan yaron, wanda ya girma ya zama ɗan gudun hijira, shi ne ya jagoranci masu cewa a bar shi. A nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari, domin ba wani mai sassaƙa da zai iya ƙera abin da ya kai wannan allo faɗin gaskiya.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina bibiyar maganar ban sa baki ba, saboda na san matsayin malamanmu a kan sassaƙa surar mai rai sananne ne, kuma ba na so a ce na zo in rufe muhawara da fatawa. Mutanen Japan ba su tambaye mu hukunci ba. Amma akwai abin da ke cikin karatunmu da ya shafi tambayar Malam kai tsaye, wato ina ma'anar abin tunawa take tafiya idan zamani ya yi tsawo.

A cikin Suratu Nuhu an ambaci sunaye biyar: Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya bayyana cewa waɗannan sunayen mutanen kirki ne, da suka rasu sai jama'arsu suka kafa alamomi a wuraren zamansu domin tunawa da su. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da wannan tsara ta shuɗe, aka manta dalilin kafawar, sannan na baya suka mayar da su abin bauta. Abin lura a nan shi ne dutse ya fi niyyar mai sassaƙa shi tsawon rai. Yanobe ya yi niyyar fata nagari, ban yi shakka ba, amma niyyarsa ba ta ma kai shekara bakwai ba kafin mutane su karanta wani abu dabam, balle a ce shekara ɗari bakwai.

Ta ɗaya ɓangaren kuma addininmu bai ce a share wuraren masifa a manta ba. An umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na farko ya kasance. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya biyo ta Hijr, kufan Samudawa, a hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen sai dai suna masu kuka, ya hana su amfani da ruwan rijiyoyin wurin, ya rufe kansa ya gaggauta tafiya. Duk sanda na ga hotunan Pripyat, garin ma'aikatan Chernobyl da aka kwashe mutanensa kusan 49,000 a yini ɗaya, sai wannan ladabi ya faɗo mini. Ban ce mutanen Pripyat azaba aka yi musu ba, Allah ya kiyaye harshena, ma'aikata ne da iyalansu da aka ce su ɗauki kayan kwana uku. Ina magana ne a kan yadda ya kamata mai ziyara ya shiga kufai. Shi kufan ya isa wa'azi ba tare da an ƙara masa gunki ba, matuƙar mai shiga bai mayar da shi wurin yawon shaƙatawa da ɗaukar hoto ba.

Mai Sassaƙa:
Allah ya gafarta Malam, wannan magana ta shige ni, kuma za ka yi mamaki idan na ce akwai masu fasahar zamani da suka isa kusa da inda ka tsaya ta wata hanyar. A ranar 11 ga Maris 2015 wata ƙungiyar matasan masu fasaha ta Japan mai suna Chim Pom, tare da wasu abokan aikinsu, suka buɗe baje kolin da suka kira Don't Follow the Wind, wato kada a bi iska. Masu fasaha goma sha biyu, cikinsu har da Ai Weiwei na Sin, suka ajiye ayyukansu a cikin gine-ginen da masu su suka ba da aro a yankin da aka hana shiga. An buɗe baje kolin, amma ba mai iya zuwa kallo har sai ranar da aka ba masu gidajen izinin komawa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai a ciki shi ne na Trevor Paglen, Ba'amurke. Ba surar mutum ba ce, ɗan ƙaramin dunƙulen gilashi ne mai kusurwa huɗu. Ya tsinci fasassun gilasai a yankin Fukushima, ya narkar da su ya lulluɓe wani koren dutse da ake kira tirinitait, wanda ya samu ne lokacin da zafin bam ɗin nukiliya na farko ya narkar da yashin hamadar New Mexico a ranar 16 ga Yulin 1945. Ya haɗa mafarin lamarin da inda ya kai mu, ya mayar da shi cikin kufai ya rufe ƙofa.

Hajiya, na karɓi gyaranki a kan rashin shawara da jama'a, kuma da ni ne magajin garin da na fara tara iyaye da malamai kafin motar ta sauke kaya. Inda ban sauka ba shi ne maganin da aka yi. Da an bar yaron a tsaye an buɗe zama, a ji masu so da masu ƙi, ko a matsar da shi cikin gini inda sai wanda ya nufa zai gan shi, da garin ya amfana da gardamar kanta. Akwai mutanen Fukushima da suka so shi, akwai iyayen da har gobe suna fargaba, kuma su ma 'yan gari ne. Da aka ɗauke shi, su aka ce wa su yi shiru.

Ma'aikacin Ɗakin Hoto:
Malam, a kan wannan na yarda da kai, masu fargabar ma suna da haƙƙi. Amma maganar Malam Na Zaure ta tuno mini da wata matsala da ta fi wannan girma, wadda injiniyoyi suke fama da ita a zahiri. Sinadarin siziyam 137, wanda ya fi gurɓata gonakin Fukushima, rabinsa yana ƙarewa ne a shekara 30. Fulutoniyam 239 kuwa sai ya shekara 24,100 kafin rabinsa ya tafi. Ƙatuwar rumfar ƙarfen da aka tura ta rufe tukunyar Chernobyl a watan Nuwamban 2016, mai tsayin mita 108, shekara ɗari kacal aka tsara ta yi.

A kusa da Carlsbad a New Mexico Amurka tana binne sharar makaman nukiliya a cikin gishirin ƙarƙashin ƙasa, kuma doka ta ce dole a kafa gargaɗin da zai yi aiki shekara 10,000. A farkon shekarun 1990 aka tara masana harshe da masu binciken kayan tarihi da masu zanen gini, aka tambaye su yadda za a ce wa mutumin da bai san harshenmu ba, bai san haruffanmu ba, kada ya tona nan. Wasu suka kawo shawarar a cika filin da manyan ƙayoyin dutse masu tsini, a rubuta cewa wannan ba wurin daraja ba ne, ba a binne wani abu mai amfani a nan ba. Sai wasu suka ce ai ɗan Adam duk inda ya ga an kashe wahala an yi gini, can yake kai diga, kamar yadda aka yi wa kaburburan Fir'aunonin Masar. A Finland, inda suka haƙa ramin Onkalo mai zurfin fiye da mita 400 domin ajiyar shekara 100,000, har an yi tunanin ko gara a cike ramin a bar daji ya rufe shi ba tare da wata alama ba.

Kada a ce wannan tatsuniyar gobe ce. A 1987 a birnin Goiânia na Brazil, wasu masu tsintar ƙarafa suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka ɓalle kan injin gashin ciwon daji suka sayar wa mai gwangwan. Da aka fasa sai aka ga wani gari mai shuɗin haske a cikin duhu, aka riƙa rarraba wa dangi da maƙwabta saboda kyansa. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, aka auna mutum fiye da 100,000. Alamar nan mai fuka-fuki uku da ke jikin ƙofar ɗakina, na sha tambayar masu jinya abin da suka fahimta da ita, da yawa sukan ce fanka ce. Shi ya sa a 2007 aka ƙaro wata alama ja mai ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Ina faɗin wannan ne ina tunanin yaranmu 'yan jari bola.

Hajiya Malamar Tarihi:
Ƙanena, akwai misali ɗaya da gargaɗin dutse ya yi aiki, kuma a wannan gaɓar tekun ta Japan yake. A ƙauyen Aneyoshi da ke lardin Iwate akwai wani dutse a gefen hanya, a kan gangare, da aka rubuta wa cewa kada a gina gida ƙasa da nan. Ambaliyar 1896 da ta 1933 sun share ƙauyen sau biyu, 'yan ƙalilan suka tsira, su ne suka kafa shi. A 2011 ruwan ya hau tudun ya tsaya ƙasa da dutsen, gidajen ƙauyen duk suna sama, ba wanda ya taɓa. Amma akwai ɗaruruwan irin wannan dutse a gaɓar, kuma a garuruwa da yawa an yi gini a ƙasa da su, an bar su cikin ciyawa. Abin da ya bambanta Aneyoshi shi ne kakanni ba su daina ba jikoki labarin ba, ana koya wa yara a makaranta. Dutsen yana riƙe da wurin, bakin mutane yana riƙe da dalilin. Shekara 78 ke nan tsakanin ambaliya da ambaliya, ba 10,000 ba, kuma duk da haka a mafi yawan wurare an riga an manta.

Ɗan Arlit:
Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ni ƙarami ne a cikinku, amma da na ji ana ta zancen Japan da Yukren da Amurka sai na ga bai kamata in yi shiru ba, domin a Arlit na tashi, a arewacin Nijar, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971. Wutar da tashoshin nukiliyar Faransa suka shekara da shekaru suna bayarwa, wani kaso nata daga ƙarƙashin ƙafafunmu ya fito. Mahaƙar Akouta ta ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da Akokan, wadda aka fara aiki da ita a 1978, an rufe ta a ƙarshen watan Maris na 2021, ta bar tarin dusar dutse da aka tace kimanin tan miliyan 20. Shirin da aka sanar shi ne a lulluɓe ta da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu.

Muna yara, idan muka fito daga lakwal, wato makarantar boko, wannan tarin muke hangowa kamar tsauni, kuma a zatonmu Allah ne ya halicce shi a wurin kamar sauran duwatsun Ayar. Idan iskar hunturu ta taso sai ka ga ƙura tana tashi daga wannan ɓangare tana bi ta kan rufin gidaje, mata suna rufe tulunan ruwa da faifai. Sai da na girma na san hannun mutum ne ya tara shi. Masu bincike daga waje sun zo a shekarun baya da na'urorinsu, sun samu ƙarafan da tururi ya taɓa a kasuwa da kan tituna. Namu bai fashe a dare ɗaya ba, babu ranar da za a ce yau shekara kaza, shi ya sa ba wanda ya zo ya ƙera mana komai. Mutanen Fukushima suna gardama a kan ko a bar mutum-mutumi ko a cire, ni kuwa da na karanta labarin sai na ji ina ma mu ne muke da abin da za mu yi wa gardama.

Hajiya Malamar Tarihi:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna mana. Kuma ba yau hamadar nan ta fara shan wannan ba. A ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin saharar Aljeriya, a daidai lokacin da iska ke kwaso ƙura zuwa ƙasashenmu. Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, tana da wata uku da samun 'yanci, ta kori jakadan Faransa a watan Janairun 1961 saboda ci gaba da gwajin. Ina koyar da wannan a aji duk shekara, kuma ɗalibai kan buɗe baki, ba su taɓa jin labarin a gida ba.

Mai Sassaƙa:
Ƙanena na Arlit, ka sa na ji nauyin kaina, domin na zo ina kare haƙƙin mai sassaƙa, ban tambayi wanda ke kwana kusa da tarin ba. Har yanzu ina ganin bai dace Ɗan Rana ya ƙare a ma'ajiya ba, amma yanzu tambayar da nake son yi taka ce. Da za a ba ka dama, kai da mutanen unguwarku, ku kafa wani abu a gindin wannan tsauni bayan an lulluɓe shi, me za ku kafa? Ba na tambaya domin in zo in yi muku, na ji darasin Hajiya. Ina so in ji daga bakinka.

Ɗan Arlit:
Baba, ni dai ba zan kafa surar mutum ba, don dattawanmu ba za su karɓa ba. Zan so a jera duwatsu a kewaye da wurin, a rubuta da Tifinag na Buzaye da ajami da boko cewa kada a haƙa rijiya a nan, kada a ɗebi ƙasar gini, kada a kafa tanti, sannan a sa sunayen ma'aikatan da suka shiga ramin, domin jikokinsu su sami dalilin zuwa. Amma maganar Malam Na Zaure ba ta bar ni ba. A kan hanyarmu ta zuwa Agadas akwai wani wuri da ake kira Dabous, inda mutanen zamanin da suka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya fi mita biyar, shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da wurin yake da ruwa da ciyawa. Na taɓa tsayawa a kansu da hantsi, ana ganin kowane zane na fatarsu. Daga bakin kowane raƙumi an ja wani layi ya sauko zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum. Na tambayi mai gadin wurin ko igiya ce, ya ce wasu sun ce igiya, wasu sun ce addu'a ce, wasu sun ce sunan wata ƙabila ne. Muka tsaya muna kallon layin har direbanmu ya yi mana oda.